RIWAƘIYYA BA TAWAKKALI BA CE

'Yan'uwa Musulmi, littattafan Turawa na koyon zaman duniya sun farfaɗo da wata tsohuwar falsafar Girkawa, har wasu 'yan boko suna cewa ita ce haƙuri da tawakkalin da Musulunci ya koyar. Wannan magana ɓata ce, kuma wajibi ne mu warware ta.

Zino ne ya kafa wannan falsafa a birnin Atina wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A wata rumfa ta bakin kasuwa yake karantarwa, shi ya sa Larabawa suka kira ta Riwaƙiyya. A aƙidarsu ubangiji wani hankali ne da ya ratsa duniya kamar yadda rai ya ratsa jiki, wato mahalicci da halitta abu guda ne. Suka ce duniya za ta ƙone ƙurmus, ta sake dawowa da mutanenta da al'amuranta yadda suke, haka har abada. To, ina hisabi? Ina ranar da za a ƙwato wa wanda aka zalunta hakkinsa?

Game da ɗan Adam kuwa, sun kwatanta shi da kare da aka ɗaure a jikin amalanke: in ya bi da son ransa ya huta, in ya turje a ja shi. Abin da ya rage masa shi ne ya gyara tunaninsa. Idan tura ta kai bango suka halatta masa kashe kansa, kamar yadda Kato ya yi a shekara ta 46 kafin Annabi Isa, bayan Kaisar ya ci su da yaƙi.

Ba mu musun cewa sun yabi adalci da kamun kai. Amma Allah Ta'ala ya bambanta da halittarsa, Yana ji, Yana amsa addu'a. Mun yi imani da ƙaddara, mun kuma san za a tambaye mu ayyukanmu. Manzon Allah (SAW) ya umurci mai raƙumi da ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. A wurinsu mutum ne abin ɗaurewa, a wurinmu shi ne mai ɗaurewa.

Saboda haka kada a ɗura wa matasanmu miƙa wuya da sunan haƙuri, alhali an umurce mu da yin horo da kyakkyawa da hani ga mummuna. Allah Ya tabbatar da mu a kan Sunna, amin.