An saka Windows ta ƙi tashi? Kar ka yarda da "had disk ya mutu" sai an nuna maka

Maganar yau taka ce, kai mai laftof a Toranke, Ajingi, Gaya da kewaye, ko kai ɗalibi ne a jami'ar Wudil, ko malamin makaranta, ko mai shagon buga takardu da cike wa yara fom ɗin JAMB.

Ka kai kwamfutarka tana aiki, nauyi kawai take yi. An ce a sake mata Windows. An gama, an kunna, sai baƙin allo da rubutun "No bootable device" ko "Operating system not found", in HP ce kuma "Boot Device Not Found" da lambar 3F0. Nan take sai ka ji hukunci: had disk ya mutu, kawo kuɗin sabo. In mai gyaran ya so tausaya maka ya ce bari a sake fomat gaba ɗaya. Haba jama'a! Na'urar da ta shigo shago da ƙafarta, awa ɗaya da ta wuce tana buɗe fayil, ita ce ta mutu daidai lokacin da aka taɓa ta? Yana iya faruwa, amma ba shi ne abin da za a fara zargi ba. Abin da za a fara zargi shi ne aikin da aka yi mata yanzun nan.

Ga abin da ya kamata ka sani. Kwamfuta tana da hanya biyu ta tashi: tsohuwa da ake kira Legacy, da sabuwa da ake kira UEFI. Shi ma had disk tsari biyu ake yi masa. Akwai MBR, wanda ake amfani da shi tun 1983, da GPT na zamani. A Windows, Legacy da MBR suke tafiya, UEFI kuma da GPT. In aka saka Windows ta hanya ɗaya, saitin BIOS kuma yana kan ɗayar, kwamfutar za ta duba ta ce ba ta ga komai ba, alhali Windows ɗin na nan daram, fayilolinka ma suna nan. Kamar ka zo ƙofar gidanku ne da mukullin shago, sai wani ya ce maka gidan ya rushe.

Me ya sa abin ya yi yawa yanzu? Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kowa ya ruga Windows 11. Ita kuwa tun fitowarta a 2021 tana neman UEFI da TPM 2.0, kuma a hukumance, in firosesan Intel ne, galibi sai ƙarni na 8 zuwa sama. Yawancin na hannunmu kwance ne daga Turai da Amurka, irin su EliteBook 840 G3 da ke ƙarni na 6. Sai mai gyara ya haɗa filas da Rufus, ya tsallake sharuɗɗan, ya jujjuya BIOS don filas ɗin ya tashi, ya manta me ya canja. In ta ƙi tashi, laifin ya koma kan had disk ɗinka da aljihunka.

To kafin ka fitar da ko sisi, ko ka hau mota ta Wudil zuwa Beirut Road a Kano, yi waɗannan:

1. Cire filas da duk abin da ke jone, ka kashe ka kunna. Wani lokaci filas ɗin ne kawai ke gaba a jerin tashi, shi ya sa take ta maido ka farkon sakawa.

2. Shiga BIOS. A HP danna F10 da zarar ka kunna, a Dell F2, a ThinkPad F1. Ɗauki hoton kowane shafi da wayarka kafin ka taɓa komai. Duba kwanan wata. In ka ga ya koma shekarun baya, ƙaramin batirin da ke riƙe saiti ya mutu, kuma duk lokacin da wuta ta yanke saitin zai iya komawa na kamfani.

3. Gwada had disk ɗin da kanka. A HP danna Esc sannan F2, ka zaɓi gwajin had disk. A Dell danna F12 ka zaɓi "Diagnostics". In ya ci gwajin, maganar mutuwa ta ƙare.

4. Juya hanyar tashi. In tana UEFI mayar da ita Legacy, in tana Legacy mayar da ita UEFI, ka adana ka sake kunnawa. In a UEFI aka saka, tabbatar "Windows Boot Manager" ne a saman jeri. Bai yi ba? Mayar da shi yadda ka gani a hoton.

5. In shuɗin allo kake gani da "INACCESSIBLE BOOT DEVICE", duba saitin SATA. Wanda aka saka Windows da shi, AHCI ko RAID, shi za a bari.

6. Duk ba su yi ba? Tashi da filas ɗin Windows, amma kar ka danna "Install". Zaɓi "Repair your computer", sannan "Troubleshoot", sannan "Startup Repair". Wannan ba ya goge fayil.

Duk wannan bai fi minti 20 ba, kuma kyauta ne. Mai gyaran da ya tsallake su ya tafi kai tsaye ga "sai an canja", ko dai bai sani ba, ko kuma ya sani yana da had disk na sayarwa a durowa. Ko wanne ne, ba kai ya kamata ka biya ba.

Sai babbar ɓarnar, wadda ta fi zafi. Idan Windows ta ce ba za ta sauka a wannan faifan ba saboda tsarinsa MBR ne ko GPT, da yawa sai su buɗe diskpart su rubuta "clean", don haka suka gani a YouTube. Ka sani, wannan kalma ɗaya tana share tsarin had disk ɗin gaba ɗaya, har da ɓangaren D da ka tara furojet ɗinka na shekarar ƙarshe, sakamakon jarrabawar ɗalibai, lissafin shago da hotunan biki. Kuma sau da yawa ba a buƙatarta: a sake haɗa filas ɗin da tsarin da ya dace da faifan, shi ke nan. Microsoft ma tun 2017 ta saka MBR2GPT a cikin Windows 10, wanda ke mayar da faifan Windows daga MBR zuwa GPT ba tare da goge fayil ba. Had disk ana sayen wani. Aikin shekara guda da aka goge, a wace kasuwa za ka saye shi?

Wani zai ce, ai had disk yana mutuwa da gaske. Ƙwarai kuwa. Kayan kwance sun sha aiki kafin su iso mu, ga zafi, ga ƙura, ga wutar da ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki a laftof marar batiri. In BIOS ba ta ganinsa ko bayan an cire an sake zaunar da shi, ko ya faɗi gwajin da na faɗa a sama, to ya tafi, ka sayi SSD ka huta. Kuma akwai masu gyara na ƙwarai a Gaya da Wudil da Kano da ba sa taɓa kayan mutum sai sun tambaye shi. Rigimata da wanda yake yanke hukunci bai yi gwaji ba. Likita ma sai ya auna kafin ya ce a yi tiyata.

Saboda haka ka riƙe haƙƙinka guda uku. Kafin a saka Windows, ka kwafe fayilolinka a filas ko wani faifan, da hannunka, ka buɗe su ka tabbatar. In an ce had disk ya mutu, ka ce a yi gwajin a gabanka, gani ya kori ji. In an canja, ka karɓi tsohon ka tafi da shi, naka ne, kuma sirrinka na ciki.

Ku kuma 'yan uwa masu gyara, kwamfutar da ta zo tana tashi, ta daina a hannunka, gyaranta na wuyanka, ba a cajin mai ita sau biyu. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Faɗin "ban gane matsalar ba, ba ni lokaci" bai taɓa rage wa mai sana'a daraja ba. Abin da ke kashe shago a gari irin namu, inda kowa ya san kowa, shi ne a ji ka goge wa ɗalibi furojet, ko an ga had disk ɗin da ka ce ya mutu yana aiki a kwamfutar wani.

Wanda tasa ta ƙi tashi yanzu haka, ya rubuto sunan kwamfutar da ainihin rubutun da ke kan allon, mu duba tare. Allah ya sa mu dace.