Fatar Karfasa da Bagaruwar Majema: Inda ya Kamata Darasin Kolajin ya Fara

Wanda ya taɓa sauka bakin tafkin Rusairis da hantsi, lokacin da masunta ke dawowa da kamun dare, ya san yadda ake gyaran kifi a ɗauke tsoka a watsar da saura. Tun da aka kammala madatsar a 1966, aka kuma ƙara mata tsawon mita 10 a 2013, su ya zama hanyar abincin gidaje masu yawa, kuma Hausawa na cikin waɗanda suka riƙe sana'ar. Ra'ayina shi ne, fatar kifin da ake zubarwa a wannan gaɓa, tare da bagaruwar da majemanmu ke jima da ita, su ne ya dace mu fara da su idan muna koyar da ɗalibai yadda ake haɗa tsaikon kolajin da yadda ake ƙarfafa shi.

Kolajin shi ne furotin mafi yawa a jikin ɗan Adam, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkan furotin ɗinsa. Yana cikin fata da jijiya da ƙashi, kuma siffarsa kamar igiya ce mai tufka uku. Idan wuta ta cinye fata har ƙasa, jiki ya rasa abin da sababbin ƙwayoyinsa za su kama su yaɗu. Sai masana su haɗa wani soso mai ƙananan ramuka daga kolajin su shimfiɗa a kan raunin. Na zaɓi in kira shi tsaiko, domin aikinsa ɗaya da na tsaikon ɗaki: shi ake fara ɗorawa, sannan a bi shi da baibaya. Bambancin kawai, wannan tsaikon ana so ya narke a hankali bayan jiki ya gina nasa.

Ioannis Yannas na jami'ar MIT da likita John Burke ne suka share fagen a Amurka cikin shekarun 1970, da kolajin na shanu, kuma abin da suka ƙirƙira ya sami izinin hukuma a 1996 da sunan Integra. Hanyar ba ta canza sosai ba. Ana narkar da kolajin a cikin ruwa mai ɗan tsami, a daskarar da shi, sannan a janye ƙanƙarar a cikin na'urar da aka zuƙe wa iska. Inda ƙanƙara ta zauna, nan rami yake fitowa, don haka saurin daskarewa shi ke yanke girman ramukan.

Sai dai soson da ya fito haka ba shi da ƙwari. Sinadaran jiki kan cinye shi kafin ya gama aikinsa. Dole a ɗaure zarurrukan da juna, kuma a nan ne nake ganin muna yin kuskure a aji. Mukan jera wa ɗalibi sunaye ya haddace: gulutaraldehaid, mai ƙarfi amma ragowarsa guba ce ga ƙwayoyin jiki; EDC, wanda ke ƙulla ɗaurin ya fita ba tare da ya zauna a ciki ba; gashi a zafin digiri 105 inda babu iska. Ɗalibi ya rubuta a jarrabawa, ya manta. Na taɓa tambayar wani aji ko akwai wanda ya ga an ƙarfafa kolajin da idonsa, kowa ya yi shiru, alhali kusan dukkansu sanye suke da takalmin fata.

Jima ita ce ƙarfafa kolajin. Ɗanyar fata takan ruɓe, kuma idan aka sa ta a ruwan da ya kai digiri 60 zuwa 65 sai ta takure. Majemi ya jiƙa ta a ruwan bagaruwa, wadda Larabawan Sudan ke kira garad, sinadarin tanin ya shiga ya riƙe zarurrukan, sai ta daina ruɓewa, ta kuma jure zafin da ya haura digiri 70. Da wannan sani ne majeman Kano da Sakkwato suka fitar da jar fatar akuya da ta ƙetare Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Ɗalibin da ya tsaya a majema yini guda ya fahimci ma'anar ɗauri fiye da wanda ya haddace shafi goma.

Amma kada a ɗauka ina cewa a kai ruwan bagaruwa asibiti. Burin majemi shi ne fata ta mutu ta dawwama, burin mai tsaiko kuwa ya yi ƙwari na ɗan lokaci, ƙwayoyin jiki su shiga, sannan ya ba su wuri. Idan ɗauri ya yi yawa, abin da aka samu kirgi ne, jiki zai kewaye shi kamar baƙon abu. Tarihi ma ya yi gargaɗi: a 1925 likita Edward Davidson ya fara shafa tanin a kan ƙuna a birnin Ditiroyit, aka yi ta yayi, har aka gano a shekarun 1940 cewa yana lalata hanta, aka bari. Tambayar bincike ita ce gwargwado, wato tanin nawa, na tsawon wane lokaci, kuma wane wanki ne zai fitar da ragowarsa.

Me ya sa kifi? Kolajin na kasuwa mafi yawa daga shanu da alade yake fitowa. Na alade yana da nauyi a zuciyar majinyaci Musulmi, na shanu kuma akwai tsoron cutar haukan shanu. Kifi ya kuɓuta daga duka biyun. Rauninsa shi ne rashin jure zafi, amma a nan ma muna da sa'a, domin kolajin na kifin ruwan ɗumi irin karfasa yana kaiwa sama da digiri 30 kafin tufkarsa ta warware, na kifin tekun sanyi kuwa ba ya kaiwa 20. Duk da haka bai kai zafin jikin mutum da tazara ba, shi ya sa matakin ƙarfafawa ya fi muhimmanci gare mu. A Fortaleza ta Brazil, likitoci tare da Jami'ar Tarayya ta Ceará sun yi amfani da fatar karfasa da aka tsarkake wajen rufe ƙuna. A Aisilan, kamfanin Kerecis ya gina kasuwa a kan fatar kifi, har Coloplast ya saye shi a 2023 a kan kuɗin da ka iya kaiwa dala biliyan 1.3.

Za a ce ƙasar da ke cikin yaƙi tun Afrilun 2023 ba ta da sararin irin wannan bincike, kuma akwai gaskiya a ciki. Cire kolajin yana buƙatar sanyin digiri 4 ba yankewa, kashe ƙwayoyin cuta yana buƙatar kayan da ba mu da su a Damazin, kuma duk wanda ya ɗora ɗanyar fatar kifi a kan rauni ya jawo wa majinyaci ruɓa. Sai dai raunukan ba su jira ba. Cutar maisitoma da ke cin ƙafafun manoma a Jazira da Sinnar tana barin manyan ramuka bayan tiyata, ga gyambon masu ciwon sukari, ga na yaƙin kansa. Matakin farko kuma ba shi da tsada. Ɗalibin Jami'ar Bulunayil zai iya karɓo fatar karfasa daga masunta, ya jiƙa yanka-yanka a ruwan bagaruwa mai ƙarfi daban-daban, ya auna zafin da kowanne ke takurewa da tukunyar ruwa da ma'aunin zafi, ya rubuta abin da ya gani. Wannan aikin nake so in ba ajina a zango mai zuwa, kuma da majemi zan fara shawara kafin in rubuta takardar gwajin.