Siminti Bisa Jar Ƙasa

 Wani malamin makaranta ya aiko mana da takarda, wai ya tara 'yan kuɗi, yana so ya yi wa gidan mahaifinsa na ƙasa shafen siminti, ya kuma jawo famfo har tsakar gida kafin damina. Yana neman shawara. To, malam, mun gode, ga amsa, kuma ba kai kaɗai muke yi wa ba.

Kafin ka taɓa bangon nan, sai ka san abin da magina suka zuba a cikinsa. Tubali ne na jar ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa, aka mulmula da hannu, aka shanya a rana. Gindin bango da kauri, yana hawa yana sirancewa. Rufi kuwa azarar giginya ce, wadda gara ba ta cika ci ba, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta wuce kamar ƙafa 6. Don haka ne magina suka ƙago bakan gizo da ɗaurin guga. Wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani na zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, ya ɗaga kai, ya san abin da ƙasa da azara ke iyawa.

Irin wannan gini abokin gabansa ɗaya ne, watau ruwa, kuma mutanen dā sun san haka sarai. Shi ya sa suke yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Bisa soro su shafa laso, haɗin katsin marina da gashin akuya da dafara. Su sa indararo mai tsawo, ya jefa ruwa nesa da gindin bango. Dukan waɗannan kuwa suna barin bango ya fitar da laimar da ya sha in rana ta fito.

Siminti ba haka yake ba. Tun da aka fara yinsa a Sakkwato a 1967 ya yi ta yaɗuwa, har ya zama wanda bai shafa ba kamar bai ci gaba ba. Ba mu ƙi shi ba, gama a kan bulo da dutse ba shi da na biyu. Amma ƙasa tana kumbura da damina, ta tsuke da rani, shi kuwa siminti ya sandare ke nan. Ba a daɗewa sai ya tsage, ya rabu da bango. Ruwan sama ya bi tsagar ya shige, laimar ƙasa ta hau daga gindi, duka su rasa mafita. Daga waje ka ga bango sumul, ciki kuwa ya zama kunu. Ƙwanƙwasa shi da yatsa, in ka ji yana amsawa kamar ganga, to aikin gama ya gama, saura ruwan Agusta na dare ɗaya, mutane na barci a ƙarƙashi.

Saboda haka in kana da siminti buhu kaɗan, zuba shi inda zai yi amfani: dakali kewaye da gindin bango, da daɓen makewayi, da kwata mai gangare da za ta fitar da ruwan wanka waje. Bango kuwa a bar shi da yaɓensa, a riƙa sabuntawa kafin ruwa ya sauka.

Famfo alheri ne, amma kada mai gyaran famfo ya binne maka bututu cikin bangon ƙasa don ado. Ɗigon da ba ka gani ya fi ruwan sama ɓarna. A bi da shi a sarari, a kafa kan famfon nesa da ɗaki. In kuwa akwai rijiya a gidan, a duba tsakaninta da shadda. Ma'aikatan lafiya suna son a bar kamar ƙafa 100, rijiyar ta kasance ta wajen tudu, domin ta nan amai da gudawa ke shiga gida. Mun san filin cikin birni ba ya kai haka, to wanda nasa bai kai ba ya tafasa ruwan sha.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai maganar wayar lantarki a ɗakin azara.