Tangarɗar CrowdStrike ta 2024 da rahoton bincikenta

Tangarɗar CrowdStrike ita ce tsayawar da miliyoyin kwamfutoci masu amfani da Windows suka yi a faɗin duniya ranar 19 ga Yulin 2024, sakamakon wani sabuntawa mai kuskure da kamfanin tsaron intanet na CrowdStrike, da ke birnin Austin a Amurka, ya tura wa manhajarsa ta Falcon. Microsoft ya ƙiyasta cewa abin ya shafi na'urori kusan miliyan 8.5. Ba kutse ba ne. Lamarin ya zama abin misali wajen koyar da yadda ake bin diddigin tangarɗa da rubuta rahotonta.

Yadda abin ya faru

An tura fayil ɗin, mai suna Channel File 291, da ƙarfe 4:09 na safe agogon GMT, aka janye shi da ƙarfe 5:27. Cikin waɗannan mintuna 78, kwamfutocin da suka karɓe shi suka riƙa nuna shuɗin allo suna mutuwa. Filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci sun shiga ruɗani. Kamfanin jiragen Delta ya soke tashin jirage kusan 7,000, ya ce ya yi asarar dala miliyan 500, daga baya ya maka CrowdStrike a kotu. Gyaran ya ɗauki kwanaki, domin na'urori da yawa sai da ma'aikaci ya goge fayil ɗin da hannu, ɗaya bayan ɗaya.

Kayan aikin bincike

Injiniyoyi kan dogara da manhajoji iri-iri a irin wannan hali. Prometheus da Grafana da Datadog na sa ido kan lafiyar na'urori, PagerDuty na kiran injiniyan da ke bakin aiki, Statuspage kuma na sanar da abokan ciniki halin da ake ciki. Daga bayanan da suke tarawa ake jera abin da ya faru minti bayan minti. Sai dai waɗannan manhajoji lokaci da wuri kawai suke nunawa. Tambayar yadda kuskure ya tsallake matakan tantancewa aikin masu rubuta rahoto ne.

Abin da rahoton ya gano

CrowdStrike ya fitar da rahoton farko a ƙarshen Yuli, sannan cikakken rahoto ranar 6 ga Agusta. An gano cewa sabon tsarin yana sa ran bayanai 21, alhali manhajar 20 take bayarwa. Da ta nemi na 21, sai ta karanta wani sashe na ma'ajiyar kwamfuta da ba nata ba. Kasancewar Falcon na aiki ne a cibiyar Windows, faɗuwarta ta kayar da na'urar baki ɗaya. Manhajar tantance fayil ma tana da nata kuskuren, kuma an tura sabuntawar ga kowa lokaci guda.

Muhimmancinsa

Rahoton bai kama sunan wani ma'aikaci ba. Wannan ya dace da tsarin bincike ba tare da ɗora laifi ba, wanda littafin injiniyoyin Google na 2016 ya ƙara yaɗawa: ma'aikacin da ke tsoron kora yakan ɓoye abin da ya sani. Kamfanin ya yi alkawarin tura sabuntawa kashi-kashi, da bai wa abokan ciniki damar zaɓar lokacin karɓa. Amma tura sabuntawa kashi-kashi tsohuwar dabara ce a wannan sana'a, shi ya sa masu suka ke tambayar dalilin da ya hana a yi amfani da ita tun farko. A Satumban 2024 wani babban jami'in kamfanin, Adam Meyers, ya nemi afuwa a gaban wani kwamitin majalisar wakilan Amurka.