A Rufa Wa Manoma Asiri Wajen Bincike

Edita,

Ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi kira ga masu binciken da ke shiga ƙauyuka da takardun tambayoyi.

Ni manomi ne, ina kuma taɓa 'yar tireda. Tun 2010 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Bankin Duniya suke bin gidaje suna tambayar girman gona, buhu nawa aka samu, dabbobi da bashi, sannan a sa bayanan a intanet don masana su amfana. Wannan abu ne mai kyau, domin da shi ake sanin inda talaka ke bukatar taki da rance. Suna kuma cire sunaye, madalla.

Amma fa jama'a, a ƙaramin ƙauye cire suna kaɗai bai isa ba. In aka ce mai mata uku da injin niƙa da shanun huɗa huɗu, ai ko yaro ya san gidan. A wannan zamani na masu satar mutane don kuɗin fansa, bayyana abin hannun mutum tamkar nuna musu ƙofarsa ne.

Saboda haka ina roƙon duk mai bincike ya yi mana bayani da Hausa kafin mu dangwala yatsa. Abin da za a baza wa duniya a dunƙule shi bisa ƙaramar hukuma. Na filla-filla kuwa, sai wanda ya sa hannu kan alƙawarin riƙe amana. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba ta mutanen birni kaɗai ba ce.

Allah ya rufa mana asiri, amin.

Naka,
Wani manomi daga ƙasar Funtuwa.