Taswirar da ba ta san Santsi da Taɓo ba

Idan ka leƙa Facebook ko X, da wuya ka rasa matashin da ya liƙa hoton wata taswira mai gida huɗu kala-kala, da ɗigo guda a ciki, yana shelar cewa ga inda aƙidarsa ta siyasa ta faɗa. Yawanci daga shafin Political Compass ake samo ta, wanda aka buɗe a 2001. Zai jero maka maganganu 62, kowace ka ce ka yarda ko ba ka yarda ba, sosai ko kaɗan. Babu gurbin "ina tsakiya". Da ka gama sai ya ajiye ka a kan layi biyu: ɗaya na tattalin arziki, daga hagu zuwa dama, ɗaya kuma na yadda kake son hukuma ta matse mutane ko ta sakar musu mara.

Ba na cikin masu raina wannan wasa. Yaron da bai taɓa tambayar kansa ko gwamnati ce ya kamata ta riƙe kamfanin lantarki ba, ko hukuncin kisa ya dace, sai ga shi ya zauna minti goma yana tunani. A ƙasar da muhawarar siyasa ta fi karkata ga wane ne ubangidan wane, wannan ma riba ce. Wani kuma a nan yake fara gane cewa ana iya son gwamnati ta tallafa wa talaka, a kuma riƙe ra'ayin mazan jiya a sha'anin tarbiyya, ba tare da an yi karo da juna ba.

Matsalar ita ce mudun da ake awon da shi ba na kasuwarmu ba ne. Hagu da dama sun samo asali ne daga majalisar Faransa a 1789, inda magoya bayan sarki suka zauna dama da shugaban majalisa, masu neman juyin juya hali suka zauna hagu. Tambayoyin shafin ma rigingimun Turai da Amurka ne: zubar da ciki, tabar wiwi, har da batun duban taurari. Bahaushen da ya amsa su bisa addininsa zai tsinci ɗigonsa ya haura can sama wajen masu son mulkin danniya, ko da kuwa shi ne ya fi kowa tsanar zaluncin hukuma. Kuma masu shafin ba su bayyana dalla-dalla yadda suke lissafa maki ba. Ka ba da amsa, sun ba ka hukunci, tsakani kuwa duhu ne.

A ɗauki Malam Aminu Kano. Jam'iyyarsa ta NEPU da aka kafa a Kano a 1950 ta yi yaƙi da danniyar sarakuna da 'yan doka, ta tsaya wa talaka, ta nemi a ba mata ilimi da ƙuri'a. Amma Malam daga Alƙur'ani da tarihin jihadin Shehu yake ciro hujjojinsa. Wane gida za a sa shi a cikin huɗun nan? Ko kuma rabuwar jam'iyyarsa ta PRP zuwa Santsi da Taɓo a jamhuriya ta biyu. 'Yan Santsi irin su Abubakar Rimi da Balarabe Musa, waɗanda suka soke haraji da jangali a jihohinsu, da ɓangaren Taɓo da ya tsaya tare da Malam, duk a kusurwa ɗaya taswirar za ta zuba su. Alhali gabar da ke tsakaninsu ta raba unguwanni da 'yan uwa a Kano, a kan wa za a yi ƙawance da shi da kuma wa ke da ta cewa a jam'iyya. Janar Babangida ma ya gwada ɗora mana wannan ma'auni a 1989, da ya ƙirƙiro SDP da NRC ya ce ɗaya ta ɗan karkata hagu, ɗaya ta ɗan karkata dama. Mutane sun shiga su ne ta bin inda manyansu suka shiga.

Sai kuma a kula da wanda ke karɓar amsoshin. Badaƙalar Cambridge Analytica da ta fashe a 2018 daga wani gwajin halayya a Facebook ta faro: mutum kusan 270,000 suka yi shi, aka kwashi bayanan da suka kai na mutum miliyan 87.

Irin gwajin da ya fi burge ni shi ne na Jamus, Wahl-O-Mat, wanda hukumar ilimantar da 'yan ƙasa kan siyasa take gudanarwa tun 2002. Ba ya laƙaba maka sunan wata aƙida. Kafin zaɓe ana tsara batutuwa 38 na wannan zaɓen, a aika wa jam'iyyu su amsa da kansu har da dalili, sannan mai zaɓe ya amsa ya ga wadda suka fi dacewa. Yana aiki ne domin jam'iyyun can suna da matsayin da za a iya kama su da shi.

A nan kuwa gwamna kan kwana a jam'iyya ɗaya ya wayi gari a wata, bai canja ra'ayi a kan komai ba. Manyan 'yan takarar shugaban ƙasa uku na 2023 duk sun yi alkawarin cire tallafin mai, to da me gwajin zai bambanta su? Duk da haka ina ganin jami'o'inmu da gidajen rediyo za su iya haɗa irinsa da Hausa kafin 2027. A tambayi jam'iyyu a rubuce: 'yan sandan jihohi, sulhu da 'yan bindiga, makarantun allo, farashin taki, kuɗin ƙananan hukumomi. Wadda ta amsa a adana amsarta, a karanto mata bayan shekara huɗu. Wadda ta ƙi amsawa kuma a bar gurbinta fayau, da sunanta a sama.