Ofishin da Ba Ya Ƙirga Waɗanda Suka Samu Aiki

A jami'o'in Najeriya da dama akwai ofishin bai wa ɗalibai shawara kan neman aiki. Idan aka tambayi irin wannan ofishi abin da ya yi a shekara, sai ya lissafo tarurruka: an gayyato baƙo mai jawabi, an cika zaure, an ɗauki hoto. Duk wannan ɗawainiya ce kawai. Abin da ya kamata ya amsa shi ne, cikin waɗanda suka kammala bara, nawa suka samu aiki, nawa kuma a fannin da suka karanta?

A Birtaniya, hukumar ƙididdigar manyan makarantu, HESA, kan tuntuɓi masu digiri wata 15 bayan kammalawa don jin inda suka kwana, a kuma wallafa sakamakon jami'o'in. Najeriya ba ta rasa kafar yin haka ba. Tun 1973 NYSC ke tattara masu digiri da sunayen makarantunsu, kuma a shekarar ce ITF ta ƙirƙiro SIWES domin ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya fita. Sai ga shi sau da yawa ɗalibin ne ke yawo ofis-ofis da wasiƙa yana roƙon gurbi, jami'a kuwa tana jiran ya dawo mata da littafin rahoto ta sa hannu.